Ranar da na kai Baffa tashar Agege

A Zangon Agege aka haife ni, a gidan da in jirgin ƙasa ya zo wucewa kwanukan jeren mahaifiyata kan yi ta kaɗawa har sai taragon ƙarshe ya shige. Tun ina ɗan mitsitsi nake tsallake titin dogo, zuwa makarantar allo, zuwa aike, zuwa sayo burodi da zafinsa. Shekara goma sha biyu na yi ina bin tsohon jirgin Ijoko zuwa Iddo, inda nake riƙe wa wani maigida littafin shagon hatsi, ina rubuta buhunan wake da shinkafa da suka shiga da waɗanda suka fita. Duk da haka, ranar da na tashi shiga sabon jirgin nan da ake kira Red Line, sai da 'yar cikina ta ja ni kamar baƙon da motar shanu ta sauke jiya.

Ranar 29 ga Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya zo Ikeja ya ƙaddamar da layin, amma bai fara ɗaukar fasinja masu biyan kuɗi ba sai 15 ga Oktoba. Ni dai na ce a bari masu gaggawa su fara ɗanɗana mana. Na ci gaba da fama da danfo, ƙananan motocin bas na haya na Legas, duk da cewa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota yake cin kusan rabin abin da nake samu. Da na ga dama da na daɗe ban shiga ba. Baffa ne ya tilasta mini.

Baffa yayan mahaifina ne, ya haura tamanin, kuma shi kaɗai ya rage a cikin sa'o'insa da suka yi fataucin goro a bakin tasha. Cikin hunturun shekarar aka aiko masa cewa wani tsohon abokin cinikinsa Bayarabe ya rasu a Ebute Metta. Ya ce sai ya je ta'aziyya da ƙafarsa. Muka yi ta ba shi baki, ya ce mutumin da suka yi shekara talatin suna bashi da biya ba takarda, ba a yi wa iyalinsa gaisuwa ta waya. Matsalar ita ce bayansa. In aka cusa shi a danfo aka shiga gosulon Oshodi, sai dai a sauko da shi ranga-ranga. Babbar 'yata, wadda take karatu a Yaba kuma ta riga ta saba da jirgin, ita ta ce, "Abba, ku bi Red Line mana. Kafin Alhaji ya gama labari ɗaya kun isa."

Baffa ya harare ta ya ce, "Ke amarya, ni za ki koya wa jirgi? Da jirgi ya kawo ni garin nan ko uban naki ba a haifa ba."

Ta ce, "To tsoho, kana da kati?"

Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, don ni ma ba ni da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, na nufi tasha ni kaɗai don in sayo katin. Ginin ba baƙona ba ne, a kan idonmu aka yi shi. Muna nan a 2017 aka fara aikin sabon layin Legas zuwa Badun, aka rushe rumfunan da ke bakin dogo, 'yan Sin da ma'aikatansu suka yi ta haƙa da zuba kankare, har Shugaba Buhari ya buɗe layin a watan Yunin 2021. Tsawonsa kilomita 157 ne, tashar Agege kuma aka sa mata sunan Babatunde Raji Fashola, tsohon gwamnan Legas. Sai dai duk shekarun nan ta gabanta kawai nake wucewa, ban taɓa sa ƙafa ciki ba.

Ina zuwa na ga layin mutane, na bi bayansu, don a Legas in ka ga layi ka fara shiga tukuna sannan ka tambayi na mene ne. Na fi minti ashirin a tsaye. Na dai lura kowa da akwati ko babbar jaka, kowa yana duba waya, amma ban kawo komai a raina ba. Da na iso gaba wani ma'aikaci ya ce in nuna tikiti da katin shaida. Na ce ai tikitin na zo saye. Ya ce Abekuta za ni ko Badun? Na ce Oyingbo. Mutumin ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya nuna mini wani waje daban. Ashe tashar ɗaya ce amma masu jiragen biyu ne. Jirgin Badun na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, tikitinsa da sunanka ake yanka shi. Red Line kuwa na gwamnatin jihar Legas ne, hukumar LAMATA ke kula da shi, aron titin tarayya kawai yake yi. Shi ba ruwansa da sunanka, kuma ba ya karɓar kuɗi a hannu. Sai kati.

Sunan katin Cowry, shi ne dai wanda ake amfani da shi a manyan motocin BRT da jiragen ruwan gwamnati da kuma ɗaya jirgin ƙasan, Blue Line, mai tashi daga Marina zuwa Mile 2. Kuɗin katin daban, kuɗin da za a zuba masa daban. Na so in sayi ɗaya mu yi amfani da shi ni da Baffa, yarinyar da ke sayarwa ta ce kowa da nasa, domin ana dangwala shi wajen shiga a kuma dangwala wajen fita. A lokacin, daga Agbado zuwa Oyingbo, wato daga farkon layi zuwa ƙarshensa, naira 1,500 ne. Na sa ta zuba wa kowane kati dubu huɗu don kada mu je mu ji kunya a bakin ƙofa. Na tura kuɗin ta waya, ta ɗora katin a kan wata 'yar na'ura, ta juyo mini da fuskarta na ga adadin da idona. Abu na ƙarshe da ta gaya mini shi ne jirgin safe da yamma kawai yake tashi, kuma ba ya jiran kowa.

Da na kai wa Baffa nasa ya juya shi gaba da baya, ya tambayi ma'anar sunan. 'Yata ta ce wuri ke nan da Turanci. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kuɗin wuri ya dawo ke nan. Kakana da buhu yake ɗaukar nasa, ni kuma ga nawa a aljihu."

Muna idar da sallar asuba muka tari Keke Marwa. Baffa ya sha babbar riga fara, da hula zanna, da sandarsa, da wata 'yar jakar fata da ba ya rabuwa da ita. A ƙofar shiga ake duba kaya, a nan muka yi tuntuɓen farko. A cikin jakar akwai carbi, da goro kamar ashirin a naɗe cikin ganye wanda zai kai gidan makoki, da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho wadda ta girme ni. Mai binciken ya ce goro ya wuce, wuƙa kam ba za ta shiga ba. Wani matashi a bayanmu ya ce cikin ƙosawa, "Aboki, a yi sauri mana." Baffa ya waiwaya ya amsa masa da Yarbanci, irin na tsofaffin Egba mai karin magana a ciki, har mai binciken ya rusuna yana cewa Baba a yi haƙuri. Amma dokar ba ta canza ba. Na karɓi wuƙar na fita da gudu na ba wani mai shayi ɗan Sakkwato da ke tsallaken titi ajiya, na dawo ina haki.

Ƙofar kati ba ta ba ni wahala ba, sai dai na yi abin da kowane sabon shiga ke yi: na ɗora katin na ɗauke da sauri kamar ya ƙone ni, na'urar ba ta karanta ba. 'Yata ta ce in ɗora in ɗan dakata har ta yi ƙara. Ta yi, hanya ta buɗe. Baffa kuwa ya ɗora nasa a natse, ya wuce yana dogara sanda kamar wanda ya shekara yana yi.

Mun iso da sauran kusan minti ashirin da biyar, kuma wannan jiran shi ne abin da na fi tunawa a duk tafiyar. Gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe gadar sama ta Pen Cinema. Mutane na tsaye a bayan layin da aka ja a bakin dakali, ma'aikatan ofis da ɗalibai, kowa da 'yar jakarsa a baya. Aka ba Baffa wajen zama ya ƙi. Ya tsaya yana nuni da sanda.

Ya ce can inda katanga ta bi, nan rumfunan goro suke. Nan gaba kaɗan ma'auni. Can kuma inda ake jingine taragon kaya a bar shi kwana biyu ana lodi. Ya nuna mini tsohon titin, siririn, wanda har yanzu yake kwance a gefen sabon, ya ce a kansa ya zo. Yana ɗan shekara goma sha biyar, ana saura shekara biyu a ba da mulkin kai, aka sa shi a jirgi a Kano aka ce ya je ya taya mahaifinsa. Ya lissafo mini tashoshin kamar mai karanta fatiha: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta. Ya ce da suka hau gadar Jebba ya leƙa ya ga Kwara a ƙasa, sai ya rufe ido ya kama salati. Kwana biyu suka yi a hanya, ya sauka a nan fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙin gawayi.

Abin da Baffa ya gani da ido, ni a takarda na karanta farkonsa. A 1896 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Iddo, ya ratsa ta Agege ya isa Badun a 1901. A 1911 jirgi ya shiga Kano ta layin Baro, a 1912 aka haɗe layukan biyu, Legas da Kano mai nisan fiye da kilomita 1,100 suka zama tafiyar kwanaki. Kafin nan fatakenmu da jakuna suke zuwa Gwanja sayo goro, a yi watanni ba a ga gida ba. Agege a lokacin daji ne da gonaki. Attajiran Legas irin su J. K. Coker sun buɗe manyan gonakin koko a nan, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Da aka gane irin goron Gwanja yana yi a ƙasar nan, sai aka shiga dasa shi a Agege da Ota da Ifo, daga baya Shagamu ta karɓe kambun. Ga goro, ga jirgi mai zuwa Kano. Me ya rage? Bahaushe ya sauke kayansa a bakin tasha, wurin da ya sauka aka kira shi Zango, kamar kowane masaukin ayari. Mu da aka haifa a nan, jikokin tashar nan ne. Ba don ita ba da yanzu ina wani ƙauye a ƙasar Kano ina jiran damina.

Baffa ya dawo kan goro, don in ya fara wannan ba a tare shi. Ya ce matan Yarbawa ke kawo shi daga ƙauyuka bayan sun ɓare sun wanke. Su kuma su zauna a kan tabarma su tsince shi ɗaya bayan ɗaya, fari gefe, ja gefe, manya gefe, duk wanda sankara ta taɓa a jefar, domin guda ɗaya mai sankara sai ya lalata huhu. A ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan. A shimfiɗa ganyen fita, a jera, a rufe, a naɗe da algarara a ɗaure tam da igiya, a rubuta alamar mai kaya. Daga nan sai neman tarago, wanda ya ce shi ne babban yaƙin. Goro ba ya son zafi, ba ya son jira. In taragonka ya makale a wata tasha kwana uku, ka iske rabin dukiyarka ta ƙone tun kafin ta ga Ujile, kasuwar goro ta Kano. Shi ya sa da titin mota ya yi kyau, gingimari da tirela suka yawaita, 'yan goro suka juya wa jirgi baya ɗaya bayan ɗaya. Mota tana zuwa har ƙofar rumfarka, kuma ka san direbanta ka san gidansu.

"Mu muka fara gudunsa," in ji Baffa. "Kada ka ji ana cewa jirgi ya mutu. Mu muka bar shi."

Ban ce komai ba, ko da yake a ganina ba laifin 'yan goro ba ne kaɗai. Amma ba a musu da mai shekara tamanin a bainar jama'a.

'Yata ce ta nuna masa bambancin titunan biyu, ta ce tsakanin ƙarafunan tsohon milimita 1,067 ne, na sabon kuma 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa na wancan. Baffa ya ce, "Kamar takalmin yaro da na babba." Yana rufe baki aka yi sanarwa a lasifika, muka hango fitila daga wajen Iju.

Da dizal yake aiki, ba da lantarki irin Blue Line ba, saboda haka ƙararsa ta yi kama da wadda na sani. Abin da ban sani ba shi ne shiga jirgi ba tare da kokawa ba. Ma'aikata suka sa aka dakata, aka shiga bi da bi. Wata mata ta tashi ta ba Baffa kujera. Sanyin na'ura ya buge mu, har ya ja babbar rigarsa ya rufe ƙafa. Jirgi ya tashi.

Wanda bai taɓa bin tsohon jirgin Ijoko ba ba zai gane abin da ya ɗaure mini kai ba. Shirun ne. A wancan, kafin ya iso Agege ya riga ya cika tun daga Ijoko da Itoki da Agbado. Ka samu inda za ka sa ƙafa ɗaya ka gode wa Allah. Wasu na rataye a ƙofa, samari na kan rufi suna sunkuyawa in an zo gada, duk kamen da ake yi musu ba sa dainawa. A ciki kuwa kasuwa ce ke ci: mai wa'azi a wannan ƙarshen, mai maganin basir a wancan, masu ruwan leda da biskit suna ratsa mutane, mata da kwandunan tattasai da kifi. A cikinsa aka zare mini waya wata ranar Litinin muna shiga Oshodi, ban ankara ba sai a Mushin. A cikinsa kuma na yi abokan da har yau muke zumunci, don mutumin da kuka shekara kuna numfashi a wuyan juna kowace safiya ya zama ɗan'uwa. A wannan sabon ba talla, ba ciye-ciye, kowa ya sa abin sauraro a kunne yana kallon waya. Baffa ya ciro goro zai ɓantara, 'yata ta girgiza masa kai, ya mayar yana gunaguni.

Tashoshin layin takwas ne a kan kilomita 27: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Ta Ikeja ce babba, a nan jama'a da yawa suka sauka, masu zuwa ofisoshin gwamnati da kasuwar waya da kwamfuta. Da muka wuce ta, wajen PWD, na tuna ranar 9 ga Maris 2023, da jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnatin jiha a mararrabar nan, mutum shida suka rasu. Irin wannan ne ya sa ake ɗage titin mota sama a duk inda ya haɗu da dogo, a Agege da Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo. Mu da muka taso muna tsallake dogo da kwanon tuwo a ka mukan yi ƙorafin katanga ta tsawaita mana hanya, amma na san gidaje a Zango da jirgi ya yi musu ta'adi.

A Oshodi na leƙa ta taga na ga motoci jere kamar an shanya su, danfo rawaya-rawaya ba mai motsi. Jiya war haka ina cikinsu. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Baffa kuwa ba motoci yake kallo ba. Tun daga Mushin yake leƙen bakin dogo yana neman kasuwannin da ya sani, waɗanda a da 'yan tireda kan janye kayansu daga kan titi in jirgi ya taho, su mayar in ya wuce. A wurare da yawa sai katanga da waya. Da muka bar Yaba, inda 'yata ta sauka bayan ta ja mini kunne kada in manta da dangwala kati wajen fita, ya juyo ya tambaye ni, "Ina taragon kaya?"

Na ce babu.

"Mai buhu fa?"

Na ce sai ya bi mota, ko tsohon jirgi.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, na masu takalmi ne."

Maganar ta tsaya mini, don gaskiya ce. Jirgin ya yi kyau, ya yi tsabta, ya mayar da tafiyar da kan ci mini awa biyu ko uku ta koma ƙasa da awa ɗaya. Amma an yi shi ne don mutumin da kayan aikinsa ke cikin kansa ko cikin 'yar jaka. Matar da ke saro tattasai, da ɗan dakon da kuɗin zuwa da dawowa zai cinye masa yinin aikinsa, ba su na gani a ciki ba. Tashar da ta tara mu a Agege tashar kaya ce, mutane bin kayan suka yi. Wannan ta mutane ce zalla, kuma ba kowane mutum ba.

A Oyingbo muka yi tuntuɓe na biyu. Na dangwala nawa na fita, na juyo na ga Baffa yana lalube. Babbar riga aljihu gare ta kamar rijiya. Ya fito da carbi, ya fito da hankici, ya fito da tsohuwar takardar asibiti, kati babu. Layi ya taru a bayansa. Ni ina waje ba damar komawa, shi yana ciki ba damar fitowa. Gumi ya keto mini duk da hunturu. Wata ma'aikaciya ta ja shi gefe da ladabi tana cewa Baba a duba a hankali. Can sai ya dafa kai, ya cire hula, ga kati a cikin naɗin hular, inda yake ajiye tikiti tun zamanin da ake huda shi da almakashi. Har ma'aikaciyar sai da ta yi dariya.

Gidan makokin ba nisa, muka ɗauki keke. Muka bi ta gefen unguwar reluwe ta Ebute Metta, inda hedikwatar hukumar jiragen ƙasa take, da tsofaffin gidajen Turawa masu baranda a ƙarƙashin manyan itatuwa. Baffa ya ce sau ɗaya ya taɓa shiga, bin sawun wani huhu goma da suka ɓace, ya yini ana tura shi daga tebur zuwa tebur, daga baya aka gano kayan a wata tasha da shi da kansa ya rubuta sunanta bisa kuskure. A gidan, 'ya'yan mamacin suka zube suna gaishe shi, babbar cikinsu tana kuka tana cewa mahaifinsu bai daina ambatonsa ba. Ya kwance ganyen ya miƙa goron. Ya yi addu'a da Larabci, ya yi ta'aziyya da Yarbanci, ya share hawaye da hannun riga.

Kafin sha ɗaya mun gama, jirgin komawa kuwa sai yamma. Wannan ban yi lissafinsa da kyau ba. Na kai shi shagonmu a Iddo, maigidana ya shimfiɗa masa darduma a kan buhunan wake, ya yi azahar da la'asar a nan, ya yi barci, ya tashi ya tara yaran shago yana ba su labarin yadda tashar Iddo take cika ranar da jirgin Kano zai tashi. Da muka dawo Oyingbo muna ratsa kasuwa, ana ta turereniya, ya tsaya ya numfasa ya faɗi wani karin maganar Yarbawa, wai kasuwar Oyingbo ba ta san wani bai zo ba. Na san abokinsa yake nufi. Na kama hannunsa muka hau.

A farkon 2025 an ƙara yawan sawun jirgin an kuma rage kuɗinsa, tun daga nan ni ma na zama ɗan gari. Yanzu na san taragon da zan shiga in sauka daidai bakin matakala, na san in duba abin da ya rage a kati tun dare, har nakan nuna wa sababbin shiga cewa layin masu akwati na Badun ne. Ranar da na makara kuma in koma wa danfo ina zagin kaina.

A daren da muka dawo da Baffa, mun sauka Agege an riga an yi isha'i. Muka tsallaka wajen mai shayi, muka tarar ba shi ba ne, ƙaninsa ne a kan tebur. Na ce akwai ajiyar da na bari da safe. Yaron ya ce wace iri? Kafin in amsa Baffa ya nuna ta da sanda: tana hannunsa, yana tsaga burodi da ita. Ya ce wallahi tun safe da ita suke aiki, tasu ba ta kai ta kaifi ba. Baffa ya karɓa, ya goge ta a gefen riga, ya laluba jakarsa ya ciro goro ɗaya da ya ɓoye bai kai gidan makoki ba. Ya raba shi biyu ya ba yaron rabi.

Na miƙa hannu na ce ya kawo katin in ajiye masa kada ya ɓata.

Ya ce, "Akwai saura a ciki?"

Na ce akwai.

Ya cire hula ya mayar da shi cikin naɗin, ya ce, "Ranar arba'in za mu koma."